Dubu Goma da Ɗaya

Ban yi makarantar boko ba. Daga Darini aka kawo ni Zakka, gidan malamin firamare, kuma shi ya koya mini lissafi a tsakar gida, bayan la'asar, da guntun alli da murfin tukunya.

Shekararmu uku da aure gwamnati ta tura shi kwas Katsina. Lokacin makarantu na ta ƙaruwa, ana neman malamai ko'ina. Ranar da zai tafi na kasa cin tuwo. Ya dube ni, ya ɗauki gawayi ya rubuta a bangon madafa: 10,001.

"Ga abokiyar hira," in ji shi. "Nemo mini lambar da za ta raba ta daidai, ba saura. Ban da ɗaya, ban da ita kanta."

"Malam, in babu fa?"

"Akwai lambobi masu taurin kai haka, ba abin da ke raba su. Ke za ki gaya mini ko wannan tana cikinsu."

Biyu ba ta raba ta ba, ɗaya ya yi saura. Daga nan na gane ba sai na wahalar da kaina da huɗu ko shida ko takwas ba. Uku ta ƙi, biyar ta ƙi, bakwai ma haka. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. In na dawo daga kai abinci gona, sai in gwada lamba ɗaya ko biyu kafin in hura wuta. Surukata takan leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, bangon nan me ya yi miki?"

Da na wuce hamsin na fara jin haushinsa. Na yi mako biyu ban taɓa gawayin ba. Amma gidan ya yi shiru da yawa, sai na koma.

Gero ya fara fitar da kai ranar da na gwada saba'in da uku. Ta shiga sau ɗari da talatin da bakwai, ba saura. Na sake yi har sau uku. Na yago takarda daga tsohon littafinsa na rubuta lambobin biyu kawai, don ban iya rubuta wasiƙa sosai ba, na ba wani maƙwabcinmu mai zuwa kasuwar Batsari ya miƙa wa direban motar Katsina ya kai wa Malam.

Ranar Juma'a sai ga Malam da jakarsa, hutun kwana ɗaya ya roƙa. Bai ko cire takalmi ba ya ce, "Ni a littafi na gani. Ke kuwa da hannunki kika tono ta."

Ya rasu muna Safana, yara sun girma. Har yau in la'asar ta yi, kunnena na jiran ƙarar kekensa a zaure.