Rigar da Hamidu Ya Ɗinka wa Waya

Hamidu ɗan dukawa ne. A Bungudu aka haife shi, kuma har ya shekara ashirin bai san komai ba sai basilla da zare da warin jima. Tuƙi daga baya ya koya, lokacin da yake bin motocin auduga zuwa Gusau. Amma hannu bai manta ba. Duk motar da ta shigo hannunsa sai ya yi mata ɗinki. Tsohuwar Landirobar da masu allurar shanu suka damƙa masa shekara tara da suka wuce, sitiyarinta na sanye da jar fata, haka sandar giya, haka hannun ƙofa. In an je ruga, Fulani kan zagaye ta suna shafawa, suna tambaya ko zai yi musu irinsa a kuben takobi.

A daminar 1977 motar ta fara ƙin tashi da makulli. Ka murɗa, ta ce ƙas, fitila ta dushe, shi ke nan. Washegari kuma ta tashi kamar ba ita ba. Hamidu bai kai rahoto ba. Motar da aka rubuta ta lalace Sakkwato ake kai ta, kuma bai taɓa ganin wadda ta dawo ba. Shi kuwa ɗaukar wucin gadi aka yi masa: in babu mota babu aiki. Sababbin motocin da ke zuwa, samari masu takarda ake ba wa.

Sai ya koma ga handil, ƙarfen nan da ake zurawa ta gaba a juya inji da ƙarfin damtse. Wata huɗu yana juyawa, yana da shekara hamsin da bakwai. Kafaɗarsa ta dama ta kumbura har ɗaga buta ya zama aiki. Matarsa Lami kan gasa masa da ruwan zafi tana mita, wai tsakaninsa da motar ba ta san wanda za a fara kaiwa Sakkwato ba.

Ya kai ta wurin makanikai uku a ɓoye. Na farko ya ce batir ne, aka aro wani, ba ta canza ba. Na biyu ya wanke kawunan batir da tafasasshen ruwa. Na uku ya kwance kik ɗin gaba ɗaya, wato injin da ke tayar da motar, ya gwada shi a ƙasa, ya juya lafiya lau, ya mayar, ya ce wataƙila sammu ne.

A wata ruga bayan duwatsun Tsafe asiri ya tonu. Handil ya dawo da baya ya buge shi, ya zauna daɓas cikin kashin shanu, ya kasa tashi. Makiyaya ne suka tura motar. Malam Tukur, shugaban tawagar allurar, yana tsaye rungume da akwatin magani, ƙanƙarar ciki na narkewa. Bai yi faɗa ba. A hanyar dawowa ya gaya masa cewa ranar Litinin mai duba motoci zai zo, da hannunsa zai murɗa makulli, kuma shi Malam Tukur ba zai iya yi wa mutumin ƙarya ba.

Ranar Asabar Hamidu ya kai ta rumfar Rabi'u, mai gyaran wayar mota a bayan tashar jirgin ƙasa ta Gusau. Rabi'u gajere ne mai kaushin baki, sun san juna tun zamanin auduga. Ya bar shi ya gama jero makanikan nan uku, sannan ya ce ya shiga ya murɗa. Ƙas. Ya ce ya ƙara. Ƙas. Ya kunna fitila ya ga yadda take mutuwa.

"Wuta tana zuwa, Baduku," in ji shi. "Hanyar komawa ce ba ta samu."

Ya ɗauko wata waya mai kaurin yatsa, ya dafa kai ɗaya a batir, ɗayan ya danna a jikin inji, ya ce a murɗa. Motar ta tashi nan take, har wata akuya da ke kwance ƙarƙashinta ta zabura. Ya cire wayar, aka kashe, aka sake murɗawa. Ƙas.

Daga nan ya bi wayoyi da hannu ɗaya bayan ɗaya, Hamidu na riƙe da makulli a murɗe. A kan wadda ta taso daga batir ta kama ƙarfen jikin mota ya tsaya. Tana sanye da rigar fata, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran yaro, ta yi baƙi da mai amma ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ya kira Hamidu ya ce ya taɓa. Da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi.

"Wa yay yi wanga ɗinki?"

"Ka san wa yay yi."

"Yaushe?"

"Shekara shidda. Ƙarhe na gogar ta, na ce kar ta ci."

Rabi'u ya ce ai makanikan nan uku duk sun gan ta, sun yaba, sun wuce, don wa zai sa wuƙa a abu mai kyau haka. Ya ce fata ruwa take sha ta riƙe. Duk gulbin da suka tsallaka, duk damina shida, ruwan yana ciki tare da gishirin jima yana cin waya. Ya zaro reza.

Hamidu ya riƙe masa hannu, ya ce shi zai kwance. Ya jingina da motar, ya karɓi rezar da hagu saboda kafaɗar dama ba ta ɗaguwa, ya bi ɗinkin zare bayan zare, bai yanki fatar ba. Ya daɗe. Rabi'u ya je ya yi azahar ya dawo ya tarar da shi a kai. Da rigar ta buɗe sai wani kore-koren gari ya zubo masa a tafin hannu. Daga cikin silin jan ƙarfe masu yawa, uku suka rage a haɗe.

Ya tsaya yana kallonsu. Wata huɗu, da kafaɗa, da kashin shanun Tsafe.

"Da ka bar ta tsirara da har yau tana nan," Rabi'u ya ce, a hankali wannan karon. "Ba komi ka son riga ba."

Ya kankare mazaunin wayar da sanfefa har ya yi fari, ya ɗaura sabuwa, ya shafa giris. Ya ce in ya ƙara ganin basilla ta kusanci cikin bonet ɗin nan, shi da kansa zai tuƙa motar zuwa Sakkwato. Hamidu bai yi dariya ba. Ya murɗa sau biyar, ta tashi sau biyar.

Ranar Litinin mai duba motoci ya zo, saurayi ne da biro uku a aljihu. Ya zagaya, ya buga taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, ya shiga ya murɗa. Ta tashi. Ya kashe ya sake, ta tashi. Ya yi rubutu a tsaye, ya ce an bar ta a aiki wata shida, daga nan a sake dubawa, don shekarunta sun yi yawa. Bai kalli direban ba.

Bayan ya tafi Malam Tukur ya tambayi abin da ke damunta tun farko. Hamidu ya ce waya ce ta ruɓe. Malam Tukur ya dube shi kamar zai ƙara tambaya, ya fasa. Ya ce gobe za su tafi Wonaka, shanu sun fi ɗari huɗu, kuma an ce hanya ta yanke a wuri biyu.

"Ƙarhe nawa?" in ji Hamidu.

"Bakwai."

Hamidu ya ce to. Ya zauna a kan bamba, ya fara lissafa watannin da yatsa, daga Satumba.