Lodin Kayan Kaka

Motar babana ƙarama ce. In na ce ƙarama, ina nufin in ka yi atishawa a kujerar baya sai direba ya goge ƙeyarsa. Baba malamin kimiyya ne a wani kolej a nan Tawa, kuma yana tuƙi kamar yadda yake gyaran takardun jarrabawa, a hankali, fuska a ɗaure, bai yarda da kowa ba. Da wannan motar muka je ɗauko kakata daga Barmu lokacin ina da shekara goma sha biyar.

Kaka tana zaune ita kaɗai tun rasuwar kakana, wanda kowa ke ce wa Malam. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta fara neman ɗayan. Wata rana da muka je gaishe ta, na same ta tsaye tana gaisawa da turmi, har ta kai ga tambayarsa mutanen gida. Na yi dariya sai da cikina ya ƙulle. Da ta faɗi a bakin murhu ta ƙona hannu, ba wanda ya yi dariya. Likita ya ce sai an yi mata aiki a Tawa, kuma bayan aikin ba za ta ƙara zama ita kaɗai ba. Shekara biyu Baba yana lallashi. Bayan girbi ta amince, da sharaɗi: tafiya ɗaya, kayanta duka, ba a bar ko ludayi. Kowa a gidanmu ya san wannan amincewar ba ta da ƙanwa. In ta sāke cewa a'a, to a Barmu za ta makance.

Akwai wata matsala kuma. Baba ɗan fari ne, don haka Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye in akwai wani mai rai a kusa. Da can tana ce masa mutumin ga. Tun da ya sayi mota ya samu ƙarin girma ya zama direban ga. Shi ma ba ya ja da ita, kunya ba ta barinsa. Shi ya sa aka tafi da ni. Ni jika ne, tana ce mini Maigida, ina ce mata Tsohuwa, kuma duk abin da na ga dama ina faɗa mata, iyakacinta ta mintsine ni.

Kayan ba za su shiga motar ba, ko da an cire mu duka an cire injin. Sai Baba ya aro remok wajen maƙwabcinmu mai walda, wato amalanken ƙarfe mai taya biyu da ake maƙalawa a bayan mota. Mai walda ya ɗaura shi da hannunsa, ya danna bakin ƙarfen a kan ƙwallon da ke bayan motar har ya ce ƙas, ya soka ƙusa, ya gitta sarƙa biyu a ƙasa. Ya sa ni na tsaya a baya in ga ko fitilun suna kamawa in an taka birki.

"Mushe, abu ɗaya zan roƙe ka," in ji shi, don a nan Mushe ake ce wa malamin boko, da Faransanci. "Mai nauyi gaba, kusa da mota, kafin taya. Marar nauyi baya. In ka juya su, remok ɗin nan zai tuƙa ka. In kuma ya fara kaɗa wutsiya, kada ka danna birki. Ɗaga ƙafa daga mai kawai, ka riƙe sitiyari sosai."

"Ai ni nake koyar da wannan," in ji Baba.

Duk da haka ya zaro littafinsa ya zana remok, ya yi masa kibiyoyi uku, ya ja layi a ƙarƙashi.

Mun isa Barmu da hantsi, remok na ta ƙara a bayanmu kamar an saki kwanonin biki a gangare. Mun tarar Kaka ta riga ta sa an fitar da komai tsakar gida, tana zaune kan kujera ƴar tsugunno, maƙwabta maza uku na jiran umarni. Ba ta gani sosai, amma ta san inda kowane abu yake, har allurar da ta ɓata shekarar da aka haife ni.

"Maigida, ka zo? Ce wa direban ga shi matso da amalanken."

Baba na tsaye taku biyu daga inda take. Na juya na gaya masa. Ya ce to.

Aka fara lodi. Kaka ta ce kayan Malam ne farko, kuma su ne a gaba. Kayan Malam kuwa ƙaramin akwatin katako ne mai riguna biyu da hula da tabarau, sai buzu, sai sanda. Ni kaɗai na ɗauke su da hannu ɗaya. Bayansu aka jera tabarmi da ƙore da ƙullin zannuwanta. Can ƙarshe, a bakin wutsiya, aka ɗora turmi da dutsen niƙa da buhu biyu na hatsi. Da buhu na biyu ya sauka, bakin remok ya ɗaga sama, ya ɗaga bayan motarmu tare da shi. Motar ta tsaya kamar mai sanɗa.

Baba ya yi gyaran murya. "Ce wa Inna, dutse da hatsi gaba ya kamata su zauna."

Na gaya mata.

"Ce wa direban ga, Malam bai taɓa zama bayan turmi ba da ranshi, ba shi farawa yanzu."

Na gaya masa. Baba ya buɗe littafinsa, ya kalli kibiyoyinsa uku. Wannan mutumin in ya shiga aji ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya tashi. Ya rufe littafin, ya mayar aljihu, ya ce to. Sai ya ɗauki igiya ya ɗaure kayan tamau, kamar ɗaurin zai canza musu nauyi.

Muka kama hanya, Kaka a gaba kusa da direba, ni a baya na durƙusa kan kujera ina kallon remok, don kayan sun toshe madubi. A kan tudu komai lafiya. Baba yana tafiya kamar mai rakiyar hawainiya, Kaka tana ta lissafa mini gonakin da muke wucewa da masu su, har da waɗanda ba gonaki ba ne.

Sai muka kai gangaren da ke sauka zuwa wani kwari. Motar ta ƙara gudu da kanta, ba tare da ta shawarci kowa ba. Remok ya leƙa hagu. Ya dawo ya leƙa dama.

"Baba, yana gaishe da mutanen hagu," na ce.

"Na ji."

"Yanzu na dama."

"Rufe mini baki."

Na rufe, don daga nan abin ya daina ba ni dariya. Wutsiyar ta fara kaɗawa da gaske, kowane kaɗi ya fi na baya faɗi, bayan motar yana bin ta. Na ga turmi ta tagar hagu, na sāke ganinsa ta tagar dama. Na rantse akwai lokacin da remok ya zo daidai da mu, ya dube mu, kamar zai tambayi hanyar Tawa. Kaka ta kama salati. Baba bai taɓa birki ba. Ya ɗaga ƙafa daga mai, ya ƙanƙame sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito, ya bar motar tana rage gudu da kanta. Da gangaren ya ƙare, kaɗin ya ragu, ya ragu, sannan ya taka birki a hankali muka tsaya gindin wata aduwa.

Ƙwarya ɗaya ta faɗo a baya, tana ta gangarowa ita kaɗai har ta iso ta wuce mu.

"Maigida," in ji Kaka. Muryarta ba ta rawa ko kaɗan. "Ce wa direban ga shi maishe ni gida."

Baba ya ji, ai kafaɗarsa na taɓa tata. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya je ya duba sarƙa, ya duba ƙusa, ya duba taya. Duk lafiyarsu lau. Ya sāke duba su. Ta gilas nake kallonsa, na kuma san in na fita na isar da saƙon zai ce to, ya juya mota. Bai san wata amsa ba in ita ce ta yi magana.

Ban isar ba. Na zauna sosai na leƙa ta tsakanin kujeru.

"Tsohuwa, kin san abin da ya faru?"

"Na sani. An so kashe ni, Allah bai nuhwa ba."

"Ba haka ba ne. Ke ce ba ki kyauta ba. Ni ƙaramin miji ina cikin mota, ina shan inuwa. Babban miji kin jefa shi amalanke, rana na dukansa, yana maƙwabtaka da hatsi. Ko ni ne sai na girgiza motar."

Ta miƙo hannu baya ba tare da ta juya ba, ta samu cinyata a karon farko. Makanta ba ta taɓa rage mata saiti ba.

"Marar kunya. Ina kaka so a sa shi?"

"Cikin mota, kamar mutum."

Can nesa wani makiyayi ya tsinci ƙwaryar yana jujjuya ta.

"Ni ba ni zama gaba Malam na baya," ta ce.

"To ki dawo baya kusa da ni."

"Kusa da kai? Da wannan warin ƙahwar taka?"

Amma ta riga ta fara laluben hannun ƙofa.

Na fita na gaya wa Baba. Ya dube ni kamar ɗalibin da ya samu amsa daidai ta hanyar da ba a koyar ba. Muka kwance igiya. Ya ɗauko akwatin da hannu biyu, ya shimfiɗa buzu a kujerar gaba, ya ɗora shi a kai, ya jingina sandar a gefe. Akwatin ya zame. Ya gyara, ya sāke zamewa. Sai ya jawo bel ya ɗaura masa.

"Tambayi Inna, sauran kayan fa?"

Na tambaya.

"Sauran ba su da girma. Ku jera su yadda kunka ga dama."

Ban taɓa ganin Baba ya zaro littafi da sauri haka ba. Makiyayin da ya kawo ƙwarya da wani mai amalanken jaki suka kama mana. Dutsen niƙa da hatsi suka koma gaba, kafin taya. Turmi ya kwanta a tsakiya, aka tokare shi da ƙullin zannuwa. Tabarmi da ƙore suka koma baya. Bakin remok ya sauko ya zauna daram, bayan motar ya dawo ƙasa ya ɗan durƙusa. Baba ya ja kowace igiya sau biyu, ya sa ni na sāke duba fitilu, ko da yake rana tana tsakiyar kai.

Daga nan remok ya bi mu kamar ɗan akuyar da aka ba dusa. Baba dai bai sāke yarda da shi ba. Mai amalanken jakin da ya taimake mu ya wuce mu sau biyu, na biyun har ya tambaya ko a ɗaura mu a baya. A kowace kwana Baba sai ya buɗe sosai kamar mai tuƙa babbar mota. Kaka na gefena, gwiwarta a cikin haƙarƙarina, tana yi wa akwatin bayanin hanya ƙasa-ƙasa.

A shingen shiga gari wani jandarma ya tsai da mu. Ya zagaya remok, ya taɓa sarƙa, ya gyaɗa kai. Ya sunkuyo ta taga ya ga tsohuwa da yaro a matse a baya, akwati a gaba ɗaure da bel.

"Mushe, wannan fa?"

"Na mahaifina ne."

Jandarman ya dubi akwatin, ya dubi sandar, ya ɗan ja da baya.

"Allah ya jiƙansa," ya ce, ya ɗaga mana shinge.

"Ɗan mutunci," in ji Kaka. "Ya san manya."

A ƙofar gida Baba ya gwada shiga da baya sau ɗaya. Remok ya nufi katangar maƙwabta. Ya kashe mota, muka kwance shi muka tura da hannu, yaran unguwa na ba mu shawara. Mama ta fito ta durƙusa ta yi wa Kaka sannu da zuwa, ta kama hannunta ta kai ta ɗakin da aka share mata tun sati uku. Kaka ta shafa bango, ta shafa ƙofa, ta ce ɗakin ya yi ƙanƙanta. Sannan ta ce a shigo da kaya.

Bayan kwana goma aka yi mata aikin ido. Ina wurin da aka cire bandeji. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta kalli likita, ta kalli silin, sannan idonta ya sauka a kaina ya daɗe.

"Wannan shi na Maigida?"

Aka ce mata ni ne.

"Da na san haka shike, da ban bari an taɓa idon ba."

Har yau tana gidanmu, tana zare tsakuwa daga shinkafa da idonta, tana gano duk abin da na ɓoye. Maganar komawa Barmu kuwa ba ta yin ta sai da safe, sai kuma da yamma.