Robar Rogo a Farantan Mma

Shekarar da ƙanwata ta dawo hutu daga jami'a, madafar gidanmu a unguwar Moshi Zongo ta kusa fita daga hannun mahaifiyarmu, Mma. Wai ƙanwar tawa roba za ta yi da sitacin rogo, irin ta ƙunshe kaya, amma wadda in an yar da ita, ƙasa za ta cinye ta. Ni lokacin ina ɗinki a unguwar Sakasaka. In na dawo da la'asar sai in tarar da farantan Mma jere a inuwa, kowanne an shafe shi da wani abu kamar tsinkakken kunu.

Da ya bushe ƙanwata ta ɓare shi, garau, kana hango tafin hannunka ta ciki. Muka yi ta murna. Bayan mako guda na ɗauka zan naɗe, sai ƙaras, ya karye.

"Yaya, ka gani ko?" ta ce, kamar ta yi kuka. Ta bayyana mini cewa in sitaci ya huce ya daɗe, ƙwayoyinsa komawa suke yi su jeru su manne da juna, sai abin ya yi tauri.

Mma na gefe tana tsince wake. Ta ce, "Wannan kika je har jami'a ki koyo? Ai tuwo ma in ya kwana haka yake yi."

Ƙanwata ta sayo gilisarin, wanda mata ke shafawa a kaushi, ta ce shi zai shiga tsakanin ƙwayoyin ya hana su haɗuwa. Ta zuba da yawa. Wannan karon bai karye ba, amma ya ƙi bushewa, ƙudaje suka samu wurin biki.

"Rage hannu," in ji Mma. "Kuma ki sa na masara kaɗan. Wa kika ga ya tuƙa tuwon kirki da garin rogo zalla?"

Suka duƙufa su biyu, ɗaya na aunawa da cokali tana rubutawa, ɗaya na latsawa da yatsa tana cewa ya yi ko bai yi ba. A gwaji na bakwai aka samu wanda ya yi wata guda yana lanƙwasuwa. Aka ƙunshe ƙuli-ƙuli a ciki aka kai wa maƙwabta su gani.

Ni na kawo shawarar a gwada ƙulla koko mai zafi a ciki, ni kuma na riƙe. Ko ƙofar gida ban kai ba ya narke, kokon ya bi mini wando har takalmi. Mma ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ƙanwata kuwa sai da ta gama rubuta abin da ya faru a littafinta sannan ta miƙo mini ruwa.