Yadda Babana Ya Raɗa wa Shagon Maman 'Yan Biyu Suna

Shekarar da babana ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, a shekarar ni ma na gama kwalejin horon malamai na dawo gida ina jiran aiki. Sai muka zama mu biyu marasa abin yi a gida ɗaya, kuma mamana ce ta fi kowa jin jiki.

Gidanmu yana bayan tsoffin gidajen ma'aikatan jirgi a Kafanchan. Babana akawu ne a tasha tun kafin a haife ni, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar Turanci. Ba irin na gaisuwa da sayen burodi ba, manyan kalmomi masu cika baki. A gida yarenmu muke yi, a kasuwa da coci Hausa, shi kuwa Turancin nan nasa ne shi kaɗai. Da can abokan aikinsa yake zuba wa. Da aikin ya ƙare, sai ya koma bin mamana har kicin, tana tankaɗen acca yana yi mata bayanin wata kalma da ya tuna da ita.

"Baban yara, ka fita mini daga kicin," take cewa. "Hayaƙi zai ɓata maka Turancin."

Ita ce ta samo maganin abin. A zumuntar mata ta cocinmu akwai iyaye da yawa da jikokinsu suke zuwa hutu daga Abuja da Jos ba su jin komai sai Turanci. Mama ta ce musu ai tana da malami a gida, zaune yake kawai. Haka aka aro bencina daga coci aka jera ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidanmu, aka shafa wa wani tsohon ƙyaure baƙin fenti ya zama allo. Ni aka ba aikin tafinta, duk abin da Baba ya faɗa in mayar da shi Hausa.

Matan sun zo ne don su koyi yadda za su ce wa jika ya zo ya ci abinci. Baba ya ce wannan kowa ma zai iya koya musu. Shi daga mutum zai fara, tun daga haihuwa har tsufa, domin kowane mataki yana da sunansa.

Ya rubuta infant, ya nuna jaririyar da wata take goye da ita. Ya rubuta toddler, ya nuna jikan maƙwabtanmu da yake tafiya yana tangaɗi zai kama ɗan tsako. Da ya zo kan adolescent, na ce shi ne yaro ko yarinyar da suka fara girma, ba su kai manya ba, sun kuma ƙi yarda su yara ne. Wata mata 'yar Manchok ta tafa hannu.

"Ashe abin da yake damun ɗana yana da suna. Ni har na fara tunanin kai shi a yi masa addu'a."

Sai ya rubuta spinster. Ya juyo, ya nuna ni da alli.

"Fassara musu," ya ce.

Na ce mace ce da ta isa aure ba ta yi ba. Matan nan suka yi ta dariya har mai goyo ta tashi jaririyarta daga barci. Tun daga ranar, in na je sayen tumatir, sai in ji an ce, "Sifinsta, a ƙara miki gyara?" Ban ji haushi sosai ba, don gyaran ana ƙarawa.

Akwai wata tsohuwa daga Kagoma da take zaune wurin 'yarta. Ba ta san shekarunta ba, amma da ta ji octogenarian, wato wanda ya haura tamanin, ta ce wannan nata ne, kada a ba kowa. Baba ya ce a ganinsa ba ta kai ba tukuna. Ta tambaye shi ko yana wurin ranar da aka haife ta. Aka bar mata.

Daga nan ne rigimar ta samo asali, domin kowa sai ta so a ba ta tata. Da muka shiga kalmomin halin mutum, Baba ya shiga rabawa. Matar fasto ta samu magnanimous, mai babban zuciya da ba ta riƙe mutum a rai. Wata mai sayar da citta da ba a jin muryarta a aji ta samu taciturn, mai ƙarancin magana. Ta gyaɗa kai kawai, ba ta ce komai ba, Baba ya ce mu duba, ga misali nan ya kawo kansa. Ita 'yar Manchok ɗin aka ba ta gregarious, mai son jama'a, ta kama tafiya da shi gida gida tana sanar da mutane.

Maman 'yan biyu ba ta nan ranar da aka fara rabon. Ita Inyamura ce, mijinta direban jirgi ne, ya kawo ta Kafanchan tana amarya. Da ya rasu ba ta koma kudu ba, ta ce nan ne garinta. Tana da shago a mahaɗar hanya kusa da mu, tana sayar da garin rogo da manja da busasshen kifi. Babu ɗan acaɓan da bai taɓa shan faɗanta ba. Ta yi faɗa da masu gyaran wuta, ta yi da mai kawo mata doya, ta taɓa tsayar da waƙa a coci saboda mai ganga ya cika sauri. Amma in aka yi rasuwa a unguwa, tukunyarta ce take fara isa gidan makoki, kuma ita ce ta kwana da mamana a asibiti lokacin da aka yi mata aiki.

A zama na gaba ta iso a makare, ta ture wata ta zauna a bencin gaba.

"Malam, na ji kana raba wa mutane suna. Ina nawa?"

Baba yana goge allo. Ina ganin bai san maganar za ta fito ba, a hankali ya ce, "Cantankerous."

Kunnenta kuwa ba ya barin komai ya wuce.

"Sake faɗa. Kan me?"

Ya sake faɗa. Ta gwada a bakinta, ta ji daɗin yadda take ƙara kamar an kaɗa gwangwani. Ta ce duk ta fi na sauran tsawo da nauyi. Sannan ta tambayi ma'ana.

Ma'anar ita ce mai saurin fushi, mai yawan rigima, wadda ba a iya mata. Baba ya dube ni. Ni kuma na ɗaga kai ina duban mangwaro, ko da yake ba lokacinsa ba ne. Da ya ga tafinta ta gudu ta bar shi, sai ya gyara murya ya yi Hausar da kansa.

"Mace ce mai tsayawa a kan maganarta, wadda ba ta yarda a taka ta."

"Ni ke nan," ta ce. "Malam, Allah ya yi maka albarka. Ka san mutane."

Bayan an tashi ta sa na rubuta mata a jikin wani guntun kwali da manyan baƙaƙe. Na rubuta. Na ɗauka a bango za ta manna, ko ta cusa a jaka ta manta.

Ana saura kaɗan Kirsimeti ta sa aka yi wa shagonta sabon fenti. Ranar Lahadi muna dawowa daga coci, ni da Baba da Mama, sai ga kalmar nan a saman ƙofar shagon, ja a kan fari, kowane harafi ya kai tsawon hannu. Mai fentin har furanni ya zana a gefe. Baba ya tsaya cak a tsakiyar hanya, sai da wani mai mashin ya yi masa oda.

Mama ba ta jin Turanci sosai, amma ta san fuskar mijinta. Muna shiga gida ta sa ni a gaba, na gaya mata gaskiya. Ranar Baba bai iya cinye tuwon accarsa ba.

"Ka je ka faɗa mata," in ji Mama.

"Zan je gobe."

Gobe ta yi, ya ce kasuwa ta cika, ba ya son ya ɓata mata ciniki. Washegari ya ce ƙafarsa tana ciwo. Ya koma bin wata doguwar hanya ta bayan layin dogo duk lokacin da zai fita. Kafin wannan lokacin sunan ya riga ya shiga gari. 'Yan acaɓa sun gyara shi daidai bakinsu. In ka hau daga kasuwa sai a tambaye ka, "Kantankaros za ka sauka, ko gaba?"

Ɗaya daga cikin 'yan biyun, namijin, yana aiki a Jos. Ya zo bikin Kirsimeti. An ce da ya sauka daga mota ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya daɗe yana kallon saman ƙofar kafin ya shiga ya gaishe ta.

Washegarin Kirsimeti da rana muna tsakar gida muna cin ragowar shinkafa da kaza, sai muka ji muryarta tun daga bakin hanya. Ta shigo da ankon zumunta a jikinta, ɗan yana biye da ita yana ba ta haƙuri. Baba ya ajiye cokali. Na ga ya dubi ƙofar ɗaki, amma ta yi masa nisa.

"Malam, barka da Kirsimeti."

"Barka kadai, Maman 'yan biyu. Bismilla, ga abinci."

"Ba abinci ya kawo ni ba. Mece ce ma'anar sunan da ka ba ni? A gaban matarka nake so ka faɗa."

Baba ya fara da cewa kalmomin Turanci suna da fuska da yawa. Ta ce fuska ɗaya take so, wadda ɗanta ya gani. Sai ya ce, "Mai yawan rigima."

"Mai yawan rigima," ta maimaita. Ta juya wurin Mama. "Maman yara, ina da rigima?"

Mama ta ce, "Kina da ita, 'yar'uwa. Amma mun saba."

Ta ja kujera ta zauna. Ɗan yana tsaye yana murza makullin mota.

"Rigima kam ina da ita," ta ce. "Mijina ma ya faɗa, Allah ya ba shi hutawa. Da ka gaya mini a ranar, da na yi maka faɗa, mu wuce wurin. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ka ji tsorona. Shekara nawa muna maƙwabtaka?"

Baba ya ce ya yi kuskure, ta yi haƙuri. Ya ce shi zai nemo mai fenti a goge.

"Wa ya ce maka za a goge? Duk garin nan sun san shagon da shi yanzu. Wanda ya karanta ya gane, ya san kada ya zo mini da wasa." Ta miƙa hannu ta ɗauki cinyar kaza daga kwanon Baba. "Amma ni ma na kawo maka naka. Na ce wa yaron nan ya nemo mini sunan namijin da ba ya iya faɗin gaskiya don tsoro." Ta dubi ɗan. "Me ka ce ma? Fusi me?"

Ɗan ya sunkuyar da kai, ya ce, "Pusillanimous, Baba. Ita ta matsa mini."

Na zaci Baba zai ji kunya. Sai na ga idonsa ya yi haske. Ya ce rabon da ya ji wani ya furta wannan kalmar tun wani tsohon shugaban tasha da ya yi aiki a ƙarƙashinsa yana saurayi. Ya tambayi ɗan a ina ya same ta. Sannan ya juya wurinta ya ce in za ta zage shi da ita, to ta faɗe ta daidai. Ya rarraba mata ita gaɓa gaɓa, tana bi da kaza a bakinta, har ta kama. Mama ta yi dariya har da hawaye, ta tashi ta ƙaro shinkafa.

Da aka koma aji bayan sabuwar shekara, Maman 'yan biyu ta kafa doka. Duk kalmar da za a ba wata, sai an buɗe ƙamus, matar fasto ta ɗora yatsa a wurin, ni kuma in karanta ma'anar ba ragi. Wasu suka nemi a sake duba nasu na baya. Duka suka fito lafiya, sai dai tsohuwar Kagoma ta ce ita kada a taɓa nata.

Ajin ya ci gaba har damina ta kore mu daga ƙarƙashin mangwaro zuwa barandar coci. A lokacin ne na samu aikin koyarwa a wata firamare a hanyar Kagoma, nake zuwa da safe in dawo da yamma in tarar da su. Mamana ba ta taɓa zama a bencin ba, kullum tana da aiki. Wata rana da aka tashi, tana kwashe shanya Baba yana tattara alli, sai na ji ta ce, "Ni fa ba a ba ni komai ba."

Baba ya ce ta ba shi lokaci. Ya yi kwanaki yana buɗe ƙamus yana rufewa. Ranar Asabar da safe ya kira ni, ya ce in zo in yi aikina. Muka same ta a kicin tana dama kunu. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba, ya ce, "Indispensable."

Mama ta dube ni. "Ba ragi," ta ce.

Na ce, "Wadda ba a iya yin komai in ba ta."

Ta ci gaba da damawa, ba ta ɗago ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Can ta ce tunda haka ne, ya miƙo mata kofuna daga kan kantar kicin. Ya shiga ya ɗauko, muka sha kunun nan a tsaye mu uku.