Lomar Sakwara a Ƙofar Gidan Goggo

Shekaru sun ja da faruwar wannan abu, amma waɗanda suka san ni a unguwar Turaki tun can baya za su tuna irin ƙibar da nake da ita. Ba ƙibar jin daɗi ba ce. In na tsaya bakin titi, masu keken haya sai su yi kamar ba su gan ni ba. A ofis kujerata daban ce, kafinta aka sa ya yi mini, don an gaji da gyaran na gwamnati. In an yi mini dariya nakan taya su, har in fi kowa ƙyaƙyatawa, sannan in koma gida in huce a kan abinci.

Da hawan jini da ciwon suga suka haɗu mini, gwiwoyina kuma suka fara ƙin ɗaukata, sai likita ya ba ni shawarar tiyata. A wani asibiti a Abuja aka yi. Zobe ne na roba ake ɗaurewa a saman tumbi, hanyar abinci ta koma 'yar ƙarama, mutum ya ci kaɗan ya ji ya ƙoshi. Akwai kuma wani ɗan abu kamar maɓallin riga da ake bari a ƙarƙashin fatar ciki, ta nan likita ke sa allura in zai tsuke zoben ko ya sassauta shi. Kafin a sallame ni ya ja mini kunne sosai: ƙaramar loma, a tauna ta sai ta zama ruwa, ban da gaggawa. Ya ce in na kuskura na haɗiyi abu mai danƙo da girma, zai tsaya mini a ƙirji.

Daga ni sai matata muka san zancen. Kowa na ce masa kwas na tafi. Kunya nake ji a ce ƙato kamata, mai mata da 'ya'ya, ya kasa riƙe bakinsa sai da aka yanka shi aka ɗaure masa ciki kamar bakin buhu. Da na fara ramewa, duk wanda ya tambaya sai in ce ai motsa jiki ne. Har takalmin gudu na saya, wanda bai taɓa wuce bakin get ɗinmu ba.

Ramar kuwa ta zo da gaske. Wuyana ya fito, idanuna suka faɗa, rigunana suka koma kamar na aro. Ni ina jin daɗin jikina, ina iya sunkuyawa in ɗaura igiyar takalmi da kaina, sugan ma ya sauka. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da masu kallo suke gani ba.

A ƙauyenmu, can gaba da Sunkani kaɗan, akwai Goggo, yayar mahaifina. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa kuma duk sun koma tun suna ƙanana, don haka ita kaɗai ce a gidanta, sai gonar doyarta. Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta kama sunana, Baba take ce mini. Da can in na je gaishe ta sai ta dafa tumbina ta ce wa maƙwabta, "Wannan ni na gina shi." Tun da aka yi mini aikin na rage zuwa, in ma na je sai in ce na ci abinci a hanya, don na san Goggo ba ta san ƙaramin kwano ba.

Wata rana da yamma Baffa, ƙanen mahaifina, ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya yi ƙasa da murya.

"Ka yi daidai da ka daina cin abincin Goggo. Kar ka koma."

"Me ya faru, Baffa?"

"Kai ma ka sani mana. Mutum ba ya bushewa haka kawai. Miji nata ya tafi, yara nata sun tafi, yanzu ga kai. Mata sun daina karɓan abu a hannu nata. Ko a coci, benci nata ita kaɗai ne."

Maita suke nufi, wai Goggo ce ta kama kurwata take ci a hankali. Kuma ƙin cin abincin da nake yi shi ne babbar shaidarsu.

Da na gaya wa matata, ba ta ko tsaya tunani ba. "Ka je ka faɗa musu gaskiya. Magana ɗaya ce."

Amma ni, da yake ina ganin kaina mai wayo, na riga na samo wata dabara. Na ce zan je ranar Lahadi, in zauna a ƙofar gidanta, in ci abincinta kowa na kallo. Zance ya mutu, asirina kuma yana rufe.

"Lokacin sabuwar doya ne fa," in ji ta. "Sakwara za ta daka maka."

"Sai in tauna."

Ta ce, "A gidan Goggo za ka tauna sakwara?"

Ta fi ni gaskiya. A wurinmu babba ba ya tauna sakwara. Yanka ake yi, a mulmula, a dangwali miya, a haɗiye. In ka tauna, kamar ka ce wa mai dakan ba ta iya ba, ta bar gudaji. In kuwa dama akwai zargi a tsakani, to ka ce kana laluben abin da aka sa maka a ciki ne. Na san duk wannan, amma na ce zan san yadda zan yi.

Ranar Lahadin na isa bayan an tashi daga sujada. Goggo na ganina ta rufe baki da hannu, ta juya kai don kada in ga idonta. Ita ma ta rame. Da na ce yau yunwa nake ji, sai ta miƙe kamar yarinya. Ita kaɗai ta fere doyar, ta dafa, ta daka, ba wata yarinyar maƙwabta da ta leƙo ta kama mata taɓarya kamar yadda aka saba. Na ce a shimfiɗa mini tabarma a waje, ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida. Kafin a sauke miya mutane sun fara taruwa, kowa da abin da ya fake da shi. Baffa ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan.

Ta kawo malmala ƙatuwa da miyar ɗanyen kuɓewa da kaza. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun tasowata: ta wanke hannu, ta yanki loma daga kwanona, ta haɗiye a gaban jama'a, sannan ta tura mini. So take kowa ya ga ba ta sa mini komai a ciki ba. Abin ya soke ni har zuciya.

Na yanki 'yar ƙarama na sa a baki, na fara taunawa a hankali kamar yadda likita ya ce. Ina taunawa, idanu na kaina. Na ji wata mata a bayana ta ce, "Kun gani ko? Yana bincike." Goggo ta matso.

"Baba, da gudaji ne?"

Wannan tambayar ce ta kashe ni. Na ce, "Ina! Wa ya kai ki daka?" Na yanko loma irin ta da, cike da hannu, na dangwali miya na haɗiye. Na ƙara wata a kai.

Nan take ta tsaya. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Kamar an tura mini dutse a tsakiyar ƙirji, ba ya gaba ba ya baya. Zufa ta keto mini. Yawu mai kauri ya cika mini baki yana dalala, idanuna suka firfito, na dafe ƙirji na kife a kan tabarma. Ina numfashi, ina jin komai, amma magana ta ƙi fita. In da an ce a zana yadda mutanenmu ke kwatanta wanda mayya ta kama, to ni za a zana.

Wuri ya kaure. "Ta kama shi! A gabanmu ma!" Samari suka zagaye Goggo, wani ya fizge mata ɗankwali. Sai na ji ana cewa, "Ta tsallake shi! Ta tuɓe ta tsallake shi!" Abin da aka yarda da shi ke nan a can, wai in mayya ta tuɓe ta tsallake wanda ta kama, kurwarsa za ta dawo. Duk macen da ta yi hakan kuwa ta amsa laifin ke nan har abada.

"Ban yi komai ba," in ji Goggo. "Yesu ne shaidana, ban yi komai ba."

Ta kalli Baffa, ƙanenta, ya sunkuyar da kai. Sannan ta kalle ni ina mutsu-mutsu a ƙasa. Daga inda nake kwance na ga hannunta ya tafi ƙugu, ta fara kwance zaninta. Tsohuwar da ta goya ni, a gaban yaran da aka haifa a kan idonta.

Ban san inda na samo ƙarfi ba. Na yunƙura, lomar ta dawo, na amayar da ita a kan tabarmar, a kan rigata, a gaban kowa. Na rarrafa na riƙe hannun Goggo da bakin zanin tare. Da muryata ta dawo, abin da na fara cewa shi ne, "Ku tsaya."

Na miƙe na cire rigata. Ko matata ba na son ta ga jikina da rana a lokacin. Fata ce ta zubo ninki-ninki har kan wando, ƙirji ya saki, ga tabon wurin da aka huda. Na tsaya haka, da amai a gemu, na kama hannun Baffa na ɗora yatsansa a kan maɓallin nan na ƙarƙashin fata.

"Danna, Baffa. Ka ji abu mai tauri?"

"Na ji. Mene wannan?"

"Aikin likita ne. Ba kwas na je ba, tiyata aka yi mini. An ɗaure mini ciki don na kasa rage ci. Shi ya sa na rame, shi ya sa sakwara ba ta wuce mini. Goggo ba ta san komai ba."

Can wani saurayi ya ce, "Ashe motsa jikin ke nan," wasu suka fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattawa biyu suka zo su ma suka taɓa, kamar masu tayin akuya. Baffa ya ɗauko ɗankwalin daga ƙasa ya kakkaɓe ya miƙa wa yayarsa, bai iya haɗa ido da ita ba. Wasu sun ba ta haƙuri. Wasu sun sulale. Matar nan ta bayana kuwa tana tafiya tana cewa, "To wa ya sa masa cin da ya kai shi ga wuƙa?" Ba kowa ne ya yarda ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce an rungumi juna a ranar ba.

Goggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta kawo ruwa ta wanke mini fuska, ta dama mini kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa. Abu ɗaya ta roƙa, in riƙa zuwa ina cin abincinta a waje. Haka na riƙa yi duk Lahadin da na samu hali. Takan dafa doya ta yi laushi ta farfasa mini da miya, in zauna ƙarƙashin mangwaron ina taunawa a hankali, ɗan ƙaramin faranti ɗaya ya ɗauke ni lokaci mai tsawo, duk mai wucewa ya gani. Sannu a hankali mata suka fara dawowa aron turmi, bencinta a coci ya sake cika.

Yau jikina lafiya, na saba da ƙaramin kwano, kuma duk wanda ya tambaye ni yadda na rame ina faɗa masa kai tsaye. Na gane cewa in mutum ya bar jama'a da tambaya, za su samo amsarsu, kuma a kan wanda ba shi da mai tsaya masa za su ɗora ta. Amma har yanzu in na tuna ranar, ba amai ko tsiraicina ke sa ni runtse ido ba.

Sai da aka daɗe na iya tambayar Goggo abin da ke cina. Muna zaune tana ɓare gyaɗa, na ce, "Goggo, kin san ba ki yi komai ba. Me ya sa kika yarda za ki tsallake ni?"

Ba ta ɗago kai ba.

"Baba, mijina ya tafi, yarana sun tafi, ga ka kana bushewa, kowa yana faɗa. Har na fara tunani, ko ni ce ɗin, ban sani ba."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.