Rim Huɗu Masu Walƙiya da Shanun Kawuna

A shekarun farin nan biyu da suka zo mana a jere, ni malamin dabbobi ne a Sabon Birni, shekaruna talatin da 'yan kai, ga mata da 'ya'ya biyu, ga kuma son a gan ni. Wannan na ƙarshen shi ne ciwona, kuma ban san ciwo ba ne sai da ya gama da ni. Na daɗe ina ɗaukar biro don in rubuto muku labarin nan ina fasawa, saboda akwai wani yanki nasa da ko maiɗakina ban taɓa gaya wa ba. Yau dai za ni faɗi duka, ko nauyin ya ɗan ragu a ƙirjina.

Mahaifiyata Bafulatana ce, ta rasu ina ƙarami, sai yayanta ya ɗauke ni zuwa rugarsa da ke wajen Burkusuma. Kawu shi ya rene ni, shi ya sa ni makaranta, kuma duk lokacin da karatu ya tashi tsayawa sai ya kora bijimi ɗaya kasuwa. Yakan yi mini ba'a cewa tunda ban iya kiwo ba, gara ya samu likitan shanu daga jikina. Kafin fari shanunsa sun haura arba'in. Shekarar farko ta ɗebi rabi, ta biyu ta ci gaba da ɗiba, har aka wayi gari saura tara. Makwabtansa sun kora nasu kudu neman ciyawa, shi kuwa gwiwoyinsa sun ƙi. Cikin taran nan akwai wata jar saniya, jikar saniyar mahaifiyata, wadda Kawu ke cewa tawa ce, yana riƙe mini ne kawai. Da ɗan nonon da suke bayarwa matarsa ke zuwa kasuwa ta samo hatsin gida. Shanun nan tara su ne abincinsu, su ne kuma mutuncinsa.

A tsakiyar wannan hali na sayi mota, 'yar ƙarama, ta hannu, daga wajen fataken da ke shigo da su ta Nijar. Ta zo da rim na ƙarfe inci sha huɗu, baƙaƙe, munana, da tayoyi masu kaurin ciki. Ba ta da kyau, amma babu rugar da ba ta kai ni ba. In na iso rairayi sai in sauka in rage wa tayoyin iska, su baje, in wuce abina, in na hau tudu in cika su da famfon ƙafa. Duk direban ƙasarmu ya san wannan. To, sai aka tura ni wani taro Sakkwato, na ga motocin samarin birni da manyan rim na alminiyam suna walƙiya, tayar da ke kansu siririya kamar an naɗa musu zobe. Wallahi tun daga ranar na tsani ƙafafun motata. Mai shagon da na je ya ce in na sa inci sha bakwai motar za ta kama hanya, sitiyari zai riƙa jin magana, ba za ta riƙa lilo a kwana ba. Bai yi mini ƙarya ba, kuma bai tambaye ni wace hanya nake bi ba, ni ma ban gaya masa ba. Na ba shi tsofaffin tayoyina biyar har da safaya, na yi ciko, na karɓi huɗu. Na ce safayar sai wani zuwan.

A kan kwalta kam abin sai wanda ya gani. Tsakanin Sabon Birni da Isa, duk inda hanya ke da kyau, motar kan manne da ƙasa kamar an liƙa ta. Amma da na sauka kan gargada sai kowace tsakuwa ta zo mini har cikin haƙora. Maiɗakina ta ce ita dai bayanta ya gaji, na mai da mota amalanke, na ce ba ta san zamani ba ne. Akwai wani dattijo mai faci a bakin tasha da ya daɗe yana yi mini aiki. Da ya ga motar sai ya zagaya ta, ya tsuguna, ya ɗora yatsunsa uku a gefen tayar, suka rufe ta. Ya ce da ni: "Malam, wagga taya ba ta da ciki. In ka rage mata iska cikin rairayi, mi za ya baje?" Ya ƙara da cewa rim ɗin ƙarfe in ya bugi dutse lanƙwashewa yake yi, a sa guduma a miƙe shi a ci gaba da tafiya, amma wannan fashewa yake yi irin na tangaran, kuma duk garin babu mai irin tayar. Na yi dariya na ce Baba ya tsufa, sabon abu tsoro yake ba shi. Ya koma kan facinsa.

Damina ta biyu ta yi mana rowa ƙwarai. Dawa ta fito ta kai gwiwa ta tsaya, ta yi ja, manoma da yawa suka haƙura suka bar gonakin. Can kuma aka yi wani ɗan yayyafi da bai jiƙa ƙasa ba, sai dawar ta sake tofo sabbin ganye. Duk makiyayi ya san irin wannan dawar da fari ya tsugunar guba ce ga dabba, amma dabbar da ta yi watanni ba ta ga kore ba, wa zai gaya mata? Ranar wata Laraba da hantsi ina ofis, sai ga wani makwabcin Kawu a kan babur, magidanci ne mai kai kaya kasuwannin kan iyaka. Ya ce shanun Kawu sun ɓalle da safe sun faɗa wata gona da aka bari, biyu sun riga sun faɗi, sauran suna rawar jiki suna kumfa, cikinsu ya kumbura. Na san abin nan, kuma ina da allurarsa a akwatina. A jijiya ake yin ta, in an yi da wuri dabba kan miƙe kamar ba ita ba, in an makara kuwa babu amfani. Mutumin ya ce in hau bayansa mu bi ta ƙaramar hanya, ba za mu yi awa ɗaya ba. Na dubi babur ɗin, na dubi motata da aka wanke da safe. Na ce ya yi gaba ya gaya wa Kawu ga ni nan bayansa, mota ta fi sauri. Gaskiyar magana, Kawu bai taɓa ganin sababbin rim ɗin ba, kuma ina so ya gani.

Hanyar mota daban take da ta babura, sai an ratsa wani rafi da ya ƙafe, rairayi ne zalla. Ina shiga tsakiyarsa motar ta nutse. Na sauka na rage iska kamar yadda na saba, tayoyin ba su baje ba, sai rim ɗin kawai ya zauna a kan yashi. Na tona da hannuwana, na karyo kara da geza na shimfiɗa, rana tana dukana, na koma na taka mai da ƙarfin tsiya. Motar ta yi tsalle ta fita, ta je ta daki wani dutse a bakin gaɓa da tayar gaba wadda babu iskar kirki a cikinta. Na ji ƙarar har cikin raina. Da na duba, rim ɗin ya tsage tun daga baki, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗi, iskar ta fice gaba ɗaya. Na buɗe but da sauri, na tsaya ina kallon ramin da safaya ke zama, babu komai a ciki sai famfo da jak. Wayar hannu kuwa a wajen nan ba ta da amfani, babu sabis.

Ga yankin da na ce ban taɓa faɗa wa kowa ba. Daga inda nake zuwa rugar Kawu tafiyar ƙafa ce ta kamar awa ɗaya da rabi. Da na ɗauki akwatina a take na kama hanya, da wataƙila na tarar da wasu da rai. Amma ban tafi ba. Na zauna a inuwar motar ina jiran wani ya wuce in ba shi gadinta, don ina tsoron kada a kwance mini sauran rim ukun. Ina gaya wa kaina minti biyar kawai, in ƙara minti biyar, har inuwa ta koma ƙarƙashin mota. Na kusa awa guda a wurin, babu wanda ya wuce. Wa zai wuce ma, a dajin da ko awaki sun bar shi? Sai da na ji kiran azahar daga wani ƙauye can nesa sannan kunya ta kama ni, na ɗora akwatin a ka na fara gudu. Ashe shi kuma mai babur ya koma nemana ta wata hanyar, muka saɓa.

Na isa rugar ana shirin la'asar. Tun daga nesa na hango ungulaye. Biyu sun tafi mushe tun da safe, biyar an sa musu wuƙa ɗaya bayan ɗaya da aka ga za su tafi. Makwabta suka ce Kawu ya hana a taɓa jar saniyar, ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa yana cewa ɗansa na hanya, sai da numfashinta ya fara yankewa bayan azahar sannan ya kawar da kai ya miƙa wuƙar. Saura ɗaya na tarar, wata tsohuwa da ba ta ci da yawa ba, na yi mata allurar ta miƙe a gaban idon kowa, kuma wannan miƙewar ta fi komai ƙona mini rai, don kowa ya ga abin da zai yiwu da na zo da wuri. Na durƙusa gaban Kawu na ce mota ce ta lalace. Ya dube ni, duk jikina yashi, ya sa aka kawo mini ruwa. Abin da ya ce kawai shi ne: "Sannu ɗana, ka sha rana. Allah ya riga ya rubuta." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Saniya ɗaya ba ta riƙe gida. Kafin kaka Kawu ya tashi daga rugar da aka haife shi a cikinta, ya koma Isa. Na yi na yi ya zauna wurina ya ƙi, ya ce bai saba cin abincin da bai wahala a kansa ba. Wani ɗan kasuwa ya ba shi gadin shagon hatsi, yana zaune a kan benci da sandarsa ta kiwo a gefe, in garken wani ya wuce sai ya bi shi da ido har ya ɓace. Na sai masa karsana daga baya, ya karɓa ya yi godiya, amma ban sake jin ya kira ni likitan shanu ba. Motar kuwa na tarar da ita washegari yadda na bar ta, ko tsinke ba a taɓa ba. Dattijon nan mai faci ya samo mini tsofaffin rim na ƙarfe guda biyar ya ɗaura, bai tuna mini da maganarsa ba ko sau ɗaya.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na dabba ko na mutum, amma wannan bai wanke ni ba. Ba na cewa babban rim haramun ne, wanda rayuwarsa ke kan kwalta ya sa abinsa. Amma kai da hanyarka rairayi ce da duwatsu, kafin ka canja ƙafafun motarka ka tambayi mai facin garinku, ka saurari matarka in ta ce bayanta na ciwo, kada kuma ka fita gari babu safaya. Ka tuna su wa ke jiran motar nan ta iso ranar da abu ya ɓaci. In kuma ta tsaya maka a hanya alhali ana jiranka, don Allah ka bar ta ka tafi da ƙafa, ƙarfe ne, yana nan za ka dawo ka tarar da shi.

Rim huɗun nan ban iya sayar wa wani direba su ba, sai na kai wa masu narka alminiyam, suka zuba mini babbar tukunya. Matar Kawu, wadda ta yi shekara talatin tana ɗaukar ƙwaryar nono, a cikinta take dafa ɗanwaken da take sayarwa a bakin kasuwar Isa. Ba ta san daga inda tukunyar ta fito ba, kullum na je sai ta yaba mini ita, ta ce ba ta kama abinci. Sai ta zuba mini, in zauna kusa da Kawu a kan bencinsa, in yi ta juya cokali har ya huce.