Dogo Mai Haɗa Kwamfuta Zai Ajiye Sukundireba

Kullum kafin in gama hawa bene, Dogo ya riga ya buɗe shagonsa, ya share, ya shimfiɗa tsohon tawul a teburi, ya zuba ƙananan kusoshi a murfin gwangwani. Ba ya kwance kwamfutar kowa sai ya fara kunna ta, ya kara kunne ya saurari fanka. Shagona ne ke kallon nasa, sana'armu ɗaya, kuma shekara da shekaru ina zaune mutane suna yi min sallama a tsaye su shige wajensa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, idonsa ya yi rauni. Kada a ɗauka da daɗin rai nake wannan rubutu. Kishinsa nake yi har gobe, sai dai ba wanda ya ga aikinsa kusa kamar ni.

Ga abin da ya fi mu da shi. Akwai manhajar wani babban kamfani da masu haɗa waƙa da masu tace fim ke mutuwar so, amma kamfanin don injinansa kaɗai ya yi ta, su kuwa ba na talaka ba ne. Dogo sai ya sayo kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya harhaɗa kwamfuta da hannunsa, ya yi ta lallaɓa ta har manhajar ta yarda ta zauna a kai. Ni ma na gwada. Tawa in ta kawo hoto babu sauti, in ta kawo sauti ta ƙi shiga intanet.

Bai taɓa yi wa mai saye rufa-rufa ba. Yakan faɗa masa cewa masu manhajar ba su amince da wannan haɗi ba, kuma duk ranar da ta nemi a sabunta ta, kada a danna komai sai an kira shi. Wani mai sitidiyo a ƙasan bene da Dogo ya haɗa wa irinta bai ji ba, ya danna, a safiyar da mawaƙi zai zo karɓar aikinsa. Allo ya yi baƙi ƙirin. Ya hauro yana haɗa gumi, wai muryar marigayi mahaifin mawaƙin tana ciki, kuma ba ta ko'ina sai nan. Dogo bai ce masa “ai na gaya maka” ba. Ya saka tabarau ya sauka. Kafin la'asar muna sama muka jiyo muryar dattijon tana fita daga lasifika. Duk benen aka yi ta sa masa albarka, ni kuwa ina goge teburin da ba ƙura a kai.

Wannan duk na haɗiye. Wanda ya tsaya min a wuya shi ne na 'yata. A shagona ta girma, ni na koya mata riƙe sukundireba. Da ta fara aikin tace bidiyo ta ce in haɗa mata irin ta Dogo. Na yi mako ina fama, abu ya ƙi. Rannan da hantsi ta rungumi akwatin kwamfutar ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, bari in kai wa Kawu ya duba.” Tana tsallakawa ina kallo. Na zaci zai gyara ya miƙo mata, ashe kujera ya ja mata, ya ce ita za ta yi, shi nasa kallo ne. Daga ranar ta koma can. A gida ma hirar ke nan, Kawu ya ce kaza, Kawu ba ya yin haka. Uwarta har dariya take min in ta ga na ture kwano.

Dogo, kai ne mai haɗa abin da masu shi suka ce ba ya haɗuwa. Kai ne wanda ya san maƙwabcinsa na hararar sa, bai fasa kawo masa shayi ba. Da na tare ka a matakala na ce ka raba ni da yarinyata, me ka ce min? “Hannunka ne da ita, ɗan'uwa. Haƙuri kawai na ƙara mata.” Maganar ta yi min daɗi, kuma ta ƙona min rai, don na san haƙurin ne ba ni da shi.

Na gode maka. Allah ya ƙara wa idonka lafiya, ya saka maka da abin da ka yi wa 'yar wani. Ku kuma masu sana'a, ku daina rufe ƙofa in za ku yi aiki mai wuya; ku ja wa na bayanku kujera, ko da uban yana tsallake ya ɗaure fuska. Jiya Dogo ya damƙa wa 'yata makullin shagonsa. Ta leƙo ta ce min duk abin da ya gagare ni in riƙa turo mata.